Agogon da Ba Ya Faɗin Lokaci

A Riyad aka haifi 'yata, kuma Larabci ya riga Hausa shiga bakinta. In na yi mata magana da Hausa sai ta amsa da Larabci, kamar ni ne baƙo a gidana. Abin yana ci mini rai. Tsorona kada ranar da muka koma gida ta kasa gaida kakarta.

Wata Juma'a da yamma na ɗauke ta a mota za mu kasuwar Batha cefane, ta haɗa wayarta da rediyo ta sako wani sabon kundin waƙoƙi. Ta ce wata mawaƙiya ce baƙar fatar Amurka, mai irin muryar nan da ke fitowa daga ƙirji, ta tafi Brazil ta yi aiki da makaɗan can. Har da koya mini sunayen kayan kiɗansu, wai akwai wani ƙarfe da ake bugawa sunansa agogo. Na yi dariya har na kusa wuce kwana. Na ce ai ga nawa ɗaure a hannu, ban taɓa jin ya yi kiɗa ba. Ta tura baki ta ce halas, wato shi ke nan da Larabcinsu, ba zan gane ba.

Sai ƙarfen ya shigo cikin waƙar, murya biyu, babba da ƙarama. Na kasa kunne. Kuge ne. Kakana maƙeri ne, cikin ƙarar kugen da yake ƙerawa na girma.

Na ce a raina, gani ya kori ji. Na je unguwar Sulai wurin wani abokina mai walda, muka yi ta yankan ƙarfe muna lanƙwasawa. Na farko ya fito da murya kamar murfin tukunya. Na biyu ya yi.

Da na kawo shi gida na ce ta sako waƙar. Na bi makaɗin bugu da bugu, sannan na juya kiɗan irin na garinmu, ya zauna daram a kan muryar mawaƙiyar. Uwarta ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana guɗa. Ni kuwa kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Yarinyar ta karɓi kugen tana jujjuya shi, ta daɗe tana laluben kalmomi. Can da Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Baba, yaya sunan wannan a wurinmu?"

A wurinmu ta ce. Na yi kamar ban ji ba, don ta maimaita.