Akawun da Ya Haɗa Mu Dangi

Kafin yaƙi, Akawu mai yankan tikiti ne a tashar jirgin ƙasa. Shekara ashirin da huɗu ya yi a bayan taga ɗaya, kullum da biro a saƙale a kunne. Da sojojin ɓangarorin biyu suka raba birnin, jirgi ya daina tafiya, aka kwashe mu aka zuba a tsohuwar masaƙa, aka kewaye da waya mai ƙaya. Da yake rubutunsa na da kyau, sai aka ba shi tebur a bakin ƙofa yana rajistar masu shigowa.

Dokar sansanin ita ce katin abinci na iyali ne. Wanda ya zo shi kaɗai ba a barinsa. Namiji a tura shi fagen daga, mace ko tsoho a sa su a babbar mota zuwa inda ba wanda ya taɓa dawowa ya ba da labari.

Ni kaɗai na iso, takalmi ƙafa ɗaya. Turmutsitsin kan gada ya raba ni da mijina da 'ya'yana biyu. Akawu ya tambaye ni mu nawa ne, na waiga bayana, ba kowa. Ya leƙa layi, ya hango wani tsoho rungume da rediyon da ba batir, shi ma ba kowa tare da shi.

"Ga babanki can kin bar shi a rana," in ji shi, ko kai bai ɗaga daga takarda ba. "Je ki kamo hannunsa."

Haka na yi sabon uba ina da shekara talatin da takwas. Mu da yawa ya yi wa haka. Yakan duba kama, ya haɗa mai dogon hanci da mai dogon hanci. Da la'asar sai ya zaga tsakanin injinan saƙa, inda muka yi ɗakuna da zannuwa, yana yi mana bita: sunan unguwarmu, wa ke bin wa, ina aka samu wannan tabon. Har cewa yake mu riƙa ɗan taɓa faɗa, wai gidan da ba a jin kansu ko sojan da ya fi kowa wauta zai gane na bogi ne.

Abin da bai faɗa mana ba, shi ma ba shi da kowa. Matarsa ta rasu a makon farko na yaƙin, da bam ya faɗa kasuwa. A shekara ta biyu sabon kwamanda ya sa a binciki ma'aikata. Aka tsayar da shi a gabanmu, aka ce ya nuna iyalinsa. Mutumin da ya shirya wa ɗaruruwa amsa, ashe bai shirya wa kansa ko ɗaya ba.

Sai wata mai shara da muke kira Inna ta jefar da tsintsiya ta fito. Da ƙyar in ta ba shi shekara biyar.

"Ɗana ne, na fari," ta ce. "Dube shi, ko maɓallin riga bai iya sawa daidai ba. Tun yana yaro haka yake ba ni kunya."

Ta kama kunnensa ta murɗe. Kwamandan ya yi dariya, ya buga hatimi. Da suka tafi Akawu ya zauna ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Inna ta tsaya ta kare shi da gefen mayafinta har ya gama.

Bayan shekara huɗu aka yanke wayar. Wasu sun ga nasu, wasu har yau suna jira. Na samu 'yata ƙarama. Mijina da ɗana babu labari. Baban da Akawu ya ba ni a ɗakina ya cika, 'yata na kiransa Kaka.

Tashar jirgi ta ƙone, don haka Akawu ya kama ɗaki a bayan asibiti, shi da Inna. Yana rubuta wa mutane wasiƙun cigiya. Makon jiya na leƙa su, na tarar idonsa ya yi rauni sosai. Ya miƙo min wata amsa da ta iso ya ce in karanta masa. Wata mai wanki ce aka gano yayarta da rai, a wani gari mai nisa. Ban kai ƙarshen takardar ba ya fara laluben takalminsa. Na ce ya bari in kai mata, hadari ya haɗu. Ya ce a'a, yana son ya ji muryarta in aka gaya mata. Na ɗauki lema na bi shi.