Tamu mai gadin filin jirgi

A Dungas, in ka ce Tamu taurin kai, har yau tsofaffi sun san wa kake nufi. Shi ne mai gadin ɗan filin da jirgin wani bature mai sayen gyaɗa ke sauka. Aikinsa korar awaki, cike ramuka, da hura wutar ɗanyen haki don matuƙi ya ga inda iska ta nufa. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma sama kam, wallahi ya san ta kamar tafin hannunsa.

Daminar 1972 ciwon ciki ya kada yayansa Inuwa, wanda ya rene shi tun rasuwar ubansu. Ranar kuwa jirgin na nan. Mainassara, akawun baturen, ya roƙi matuƙi ya kai maras lafiya gidan likita a Damagaram, ya yarda. Dangi suka yi ta godiya, aka shimfiɗar da Inuwa a bayan kujera.

Tamu ya ɗaga kai. Iska ta ɗauke cak, gabas ta yi baƙi ƙirin.

"Ba inda za shi," in ji Tamu. "Hadarin nan zai riske ku kafin ku yi nisa."

Matuƙi ya yi dariya, ya ce zai rigaye shi. Kai, mutum da tseren hadari! Tamu ya mirgino tanon mai, babbar gangar ƙarfe, ya tare gaban jirgi, ya shiga ya saɓo yayansa a kafaɗa. Dije matar Inuwa ta riƙe masa riga tana kuka. "Tamu, kashe mini miji za ka yi?"

"Yaya Dije, ki zage ni son ranki. Ba zan ba su shi ba."

Nan take Mainassara ya kore shi daga aiki, ya sa aka ture tanon. Jirgi ya tashi da matuƙi shi kaɗai. Ko sallar la'asar ba a idar ba iska ta taso, ta kwashe rufin rumbuna, ruwa ya kece. Washegari makiyaya suka tarar da tarkacen jirgin a wata gonar gero.

Da ma a ce Inuwa ya tashi, da labarin ya yi daɗi. Bai tashi ba. Ruwa ya yanke hanyar mota, kwana uku ya rasu a ɗakinsa, kansa bisa cinyar ƙanensa. Wasu suka ce Tamu ya yi daidai, wasu suka ce ba don rigimarsa ta ci lokaci ba da jirgin ya tsere wa hadarin. Wannan maganar ta ƙona masa rai har tsufansa, amma bai taɓa sunkuyar da kai ba.

Duk wanda ya tayar da zancen, amsarsa ɗaya ce: "Matuƙin nan, Allah sarki, a buhun gyaɗa aka tattara shi. Ni kuwa yayana cikakke na sa shi a kabari, da hannuna."