Tagogin da aka liƙe mana a Nassarawa

Jiya likitoci suka sa wa Alhaji Sabo robar iska a hanci. Huhunsa ya gaza.

Tebur ɗaya muka raba da shi a ofishin wani kamfani a Nassarawa GRA, zamanin da kuɗin mai suka fara kwarara. Da aka kawo na'urar sanyaya ɗaki, sai aka liƙe tagogi duka don kada sanyi ya fita, aka shimfiɗa kafet bango zuwa bango. Manaja da baƙinsa suna busa sigari tun safe. In wari ya yi yawa, a kawo kasko a zuba turaren wuta, a rufe ƙofa ya kama ɗakin sosai. Mu a lokacin, wannan shi ne ci gaba.

Na je duba Alhaji Sabo a asibiti, ya janye robar da ƙyar.

"Malam Bala, wai likita tambayata yake kwalin sigari nawa nake sha a rana. Ni da ko ƙyasta ashana ban iya ba."

Na ce, "Ka gaya masa ofishinmu?"

"Na gaya masa. Ya ce ƙwayoyin hayaƙin da ido ba ya gani su suka fi shiga can ciki, kuma ba sa fitowa." Ya yi dariya, tari ya ƙwace ta. "Ashe ta Manaja muka sha kyauta."

Waɗanda kuka zauna irin ɗakunan nan, yaya ƙirjinku?

Ni ma an ɗauki hoton nawa ƙirjin da safen nan. Sakamako bai fito ba.