Muryar Malam Na'am a Cikin Akwati

Tun safe ake yayyafi ranar da aka kawo akwatin, irin yayyafin nan da ba ya ɗaukewa, har katako ya sha danshi, zarto yana maƙalewa. Ni kafinta ne a shagon Maigida, gadaje da kujeru muke haɗawa. Da aiki ya ƙi, sai muka taru a ofis muna kallo.

Ofishin nan na Malam Na'am ne, ko da yake na Maigida ne a takarda. Tun da ƙafar Malam ta sami matsala ya bar ɗaukar katako, aka zaunar da shi gaban waya. Idan an kira shi ke ɗauka, ya gaisa, ya saurara, sannan ya danna maɓalli ya tura wa Maigida ko mu a baya. Ba shi da yawan magana. "Na'am. To. Madalla." Daga nan sunan ya bi shi.

Akwatin bai fi bulo girma ba. Mai haɗa waya ya ɗaure shi a bango, ya ce akwatin ne zai riƙa amsa kira, yana ce wa mutum ya danna ɗaya don ofis, biyu don kafintoci. Muryar da za a naɗa a ciki kawai yake bukata.

"Malam, kai za ka yi," in ji Maigida. "An saba da kai."

Malam Na'am ya gyara hula. Shi a ganinsa mataimaki aka kawo masa.

"A taƙaice, Baba," in ji mai haɗa waya. "Danna ɗaya, danna biyu, shi ke nan."

"Haba! Mutum ya kira ka, ko gajiya ba ka tambaye shi ba, ka ce ya danna? Ɗanka ne?"

Haka aka naɗi muryarsa yadda ya saba. Ina kwana, ya dakata. Ina gajiya, ya dakata. Yaya iyali, ya dakata. Ya ƙara da na'am, to, madalla, don kada mai kira ya ji an ƙyale shi. Zancen dannawa sai can ƙarshe.

Ba a jima ba Maigida ya kira shi gefe, ya yi masa godiya mai yawa, ya ce ya je gida ya huta wa ƙafarsa. Ya tafi da butarsa da matashin kujera.

Sai dai masu kira ba su san ya tafi ba. Su ji muryarsa, su amsa gaisuwa, su zayyana bukatarsu, ya ce madalla, su ajiye waya. Wata mai ɗinki ta zo da mota ɗaukar teburinta, mu ko labarinsa ba mu ji ba.

"Na gaya wa Malam Na'am tsawo da faɗi! Har ciwon bayana na gaya masa!"

"Me ya ce?" in ji Maigida.

"Ya ce madalla. Abin ya ɗan ba ni mamaki."

Da irin wannan ta yi yawa, Maigida ya aika a kira Malam Na'am. Ni aka aika. Na same shi zaune a ƙofa, yana jin saƙon ya shiga ya sako rigarsa mai guga, ya ɗauko buta da matashi. A hanya ni ma na ɗauka kujerarsa za a mayar masa.

Muna isa muka tarar da mai haɗa waya yana jira.

"Malam, sakewa za ka yi," in ji Maigida. "Wannan karon ban da gaisuwa."

Malam Na'am ya dubi akwatin, ya dubi kujerar da aka ɗora wa gwangwanin fenti. Ya sunkuya ya faɗi abin da aka ce, ya ɗauki butarsa.

Yanzu wayar tana aiki daidai. Mutane ne kawai ke tare Malam Na'am a hanya suna cewa ya canza, ko gaisuwa ba ya yi. Shi kuwa ya ce na'am, ya ba su haƙuri.

Yana gidan 'yarsa ta fari, yana zama a ƙofa da safe. Muryarsa tana nan a bangon ofis, tana zuwa aiki kullum.