Robobi Tara na Miyar Mama

Ƙamshin daddawa ne ya tashe ni a safiyar nan. Na jima a kwance cikin bargo ina shaƙarsa, ina jin kamar Mama ce a kicin. Sai na tuna Mama ta rasu wata uku da suka wuce, kuma miyar da ta daskare ba ta ƙamshi.

A lokacin ni da Baba muna zaune a cikin motar nan mai ɗaki da gado da kicin, wadda a nan ake kira RV. Bayan rasuwar Mama, Baba ya kasa kwana a gidanmu na East Greensboro, sai wani abokinsa, Alhaji mutumin Kumasi, ya ba mu aron motar. Tana ajiye a bayan gidansa a Pleasant Garden, gefen itatuwa. Daga can nake tuƙi zuwa jami'a.

Kafin Mama ta koma asibiti karo na ƙarshe, ta kwana biyu tana girki tana hutawa. Miyar kuka, taushe, kuɓewa busasshiya. Ta zuba a robobi, ta manna takarda a kan kowane murfi, ta rubuta sunan miyar da ajami. Guda tara suka rage. Muka taho da su, muka jera a firizar motar. Ba mu ci ko ɗaya ba.

Na buɗe firizar na danna robar sama da yatsa. Ta lotsa.

"Baba, firij ya lalace."

"A wannan sanyin?" Ya taso da tasbaha a hannu. "Uwata, ruwan alwala ma ƙanƙara ya zama a waje. Ina firij zai samu zafin da zai lalace?"

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya taɓa robar da kansa.

Baba ya yi shekaru yana gyaran kayan lantarki a Zariya kafin ya zo ƙasar nan, kuma abin da ya sani game da firij ɗaya ne: zafi ne maƙiyinsa. Ya duba tukunyar gas, akwai gas. Ya ɗora faranti da ruwa a ƙasa ya ga ko motar ta karkace, ba ta karkace ba. Ya mai da firijin kan lantarki, ya sake mai da shi kan gas. Ni kuma na duba a waya, na rubuta cewa firijin mota ba ya sanyi. Duk amsoshin suka ce a ba shi iska, a kai shi inuwa, a sa masa fanka. Ban rubuta cewa hunturu ake yi ba. Ban ga abin da ya haɗa su ba.

Sai Baba ya ɗauki sukundireba ya fita, ya kwance murfin da ke bayan firijin ta waje, ya jingine shi a jikin taya don iska ta shiga sosai. Ya dawo ya kashe hita.

"Mu daure," ya ce. "Kada mu ƙara masa wahala."

Muka wuni cikin riguna uku-uku, numfashinmu yana fita kamar hayaƙi. Kowace sa'a yakan buɗe ya danna.

Da la'asar Alhaji ya leƙo, ya ga murfin a ƙasa.

"Ei, Malam! Motata kake fiɗa? Ka bari in kawo wuƙa mu raba naman."

"Ɗan gyara ne, Alhaji. Ba komai."

"In akwai abin sawa a firiza a kai wa Hajiya. Nata ya isa a sa raƙumi."

"Babu komai ciki, wallahi mun gode."

Da ya tafi na ce, "Baba, ga wuri an ba mu."

"In ce mata me? Miyar matata nake jinya?" Bai dube ni ba. "Gobe a masallaci a ce ban karɓi ƙaddara ba."

"To mu ajiye a waje."

"Da rana ta narke, dabbobin dajin nan kuma su kwashe. Girkinta ba zai kwana a ƙasa ba."

"To mu tafasa mu ci, kamar yadda Mama take yi kowace safiya."

"In mun ci ta ƙare, Uwata."

Ni ma ba na so ta ƙare.

A rana ta huɗu murafen suka kumbura. Takardun suka jiƙe, tawadar ta bazu har ba a gane kuka daga taushe. Baba ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana sansanawa. Takwas sun yi kumfa. Ta tara, kuɓewa ce, ya ce da sauranta. Ya tafasa ta, na tuƙa tuwon semo. Loma ɗaya na kai na ji tsamin har cikin kunnena, na ajiye. Shi kuwa ya ci, a hankali, har ya suɗe kwanon. Daga baya na ji shi a bayan motar yana amai, ya dawo ya kuskure baki ya ta da sallar azahar.

Bai yarda a zuba sauran a shara ba. Ya ari shebur, ya haƙa rami a ƙarƙashin itatuwa. Ƙasar ta yi tauri, sai da ya huta sau uku. Ni na juye, shi ya rufe. Na wanke robobin, ya ce in bar takardun a jiki.

Da bazara ta shigo firijin ya ci gaba da aiki shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi. Baba bai sake sa komai a firizar ba har muka tashi.

Shekara huɗu bayan haka, Baba ya koma Zariya, na raka wata ƙawata zuwa garin Summerfield duba wata mota irin wadda muka zauna a ciki, da mijinta zai saya. Tsohon da ke sayarwa ya buɗe murfin bayan firij, na ga ƙwan fitila rataye a ciki. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce irin wannan firijin da wuta yake yin sanyi: harshen wutar gas ne ke tafasa ruwan da ke cikin bututunsa, in sanyin waje ya yi yawa ruwan ba ya tafasa, sai komai ya tsaya. Shi ya sa da hunturu yake toshe rabin hanyar iskar, ya kunna ƙwan ya ɗumama wurin.