Madam Rebeka da Mabuɗan Injin Sunaye

Kullum kafin ƙarfe bakwai za ka ji mobilet, ɗan babur ɗin Madam Rebeka, yana tari a ƙofar biro, wato ofishinmu. Ta gai da mai gadi, ta jiƙa buhu ta rataya a taga don injin da ke riƙe sunaye ya sha sanyi, sannan ta yaye masa zane. Mu da muke mutane ba a taɓa jiƙa mana buhu ba. Yanzu za ta aje aiki ta koma Dogon Dutsi, shi ya sa ni Alƙasum, direban kamyo, babbar motar kaya, na ɗauki alƙalami. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, wanda bai yi wa ba ya gyara da kansa.

Lokacin farin tamanin da huɗu, ƙungiyar agajin da nake yi wa tuƙi a Tawa ta sayo ordinatar, injin nan mai ƙwaƙwalwa. Nasaran da ya zo haɗa shi, zazzaɓi ya kayar, aka mai da shi Yamai. Ita da aikinta buga takardu, ta zauna mako uku da littafin injin har ya tashi. Ta zuba sunan kowane gida na arewacin Adar da ke jiran hatsi, manoma da makiyaya. Ƙauyen da ke ciki, kamyo zai je. Wanda babu, babu.

Sai ta raba mabuɗai, kowa da kalmarsa ta sirri. Azumi ta likita tana iya ƙara jariri, ba ta iya cire kowa. Mai magaza, ɗakin ajiyar hatsi, sunayen ƙauyuka kawai yake gani. Ni kuwa, dubawa kaɗai.

Ana nan aka turo wani ajidan na soja ya sa ido kan rabo.

"Madam, ba ni mabuɗin duka."

"Ranka shi daɗe, ga shi. Naka ya hi na kowa girma."

Mutumin nan ya je ƙauyenmu Gidan Sidi, bayan Barmu, aka yanka masa akuyar da fari ya riga ya cinye namanta. Ya dawo yana huci. A gabana ya sa yatsa ɗaya ya share Gidan Sidi, gida sittin da biyu, har da na innata. Ya ce, "Su ci ƙashin akuyarsu."

Yana fita na faɗa mata da masifa. "Madam, mi kika yi? Kin ba mahaukaci mabuɗi!"

"Baban Kadidiya," haka take kirana, "rage murya, injin ba shi son ihu. Zo ka duba da naka."

Na duba. Ga Gidan Sidi zaune daram, sittin da biyu cif. Ashe kwafi daban ta yi masa, nasa shi kaɗai, wanda babu kamyon da ke binsa. Wata bakwai yana share ƙauyuka yana hura hanci, ni ina kai musu gero. Bai gane ba har aka ɗauke shi, don duk garin da ya share ya rantse ba ya sake taka shi. Da ya gane, a gidan kaso za ta kwana. Ta sani sarai.

Ganin haka na matso. "Madam, tunda mun zama ɗaya, sa mini surukina."

"Yana ina?"

"Ya rasu bara. Amma yana da ci ƙwarai."

"Allah shi jiƙan shi. Kai dubawa kaɗai."

Kwana uku ban gaishe ta ba.

Madam, ke ce kika hana soja cire mai rai, kika hana direba sa matacce. Ƙofa mai sanin hannun kowa! Innata ba ta san mene ne ordinatar ba, amma har yau tana sa miki albarka, ba ta taɓa tambayar wane ɗakin ibada kike shiga ba. Mun gode, Allah ya kai ki gida lafiya. Ku kuma da aka damƙa wa mabuɗi, na inji ko na rumbu, ku yi irin nata: a ba kowa iyakar aikinsa, ko ɗan uwanku ne, ko mai bindiga.

Jiya tana miƙa wa magajiyarta takardar mabuɗai na leƙa, ko an ƙara mini girma bayan shekara biyar. An rubuta: Alƙasum, dubawa kaɗai.

Daidai ne. Na san kaina.