Farin Zobe a Tayar Kawu

Jiya kawuna ya cika shekara uku da rasuwa. Na buɗe akwatinsa, sai ga kompa, irin wanda 'yan makaranta ke zana da'ira da shi. Har yanzu yana warin fenti.

Kawu yakan ƙera ƙananan motoci da gwangwani, ya yanko tayoyinsu daga tsohon silifa. A gurbin fensirin kompa sai ya ɗaura gashin zabo, ya tsoma a farin fenti. Ya kafa tsinin a tsakiyar taya, ya riƙe numfashi, ya juya sau ɗaya tak.

Wata ranar kasuwar Guci ina zaune gefensa, yayansa ya tsaya a kanmu.

"Da furfurarka kake wasan yara? Dariya ake yi mana."

Kawu bai ɗaga kai ba sai da zoben ya haɗe.

"Yaya, dariyar tasu ta taɓa karkata mini layi?"

Yau na sayo fenti, ni mai jikoki, maƙwabta har sun fara ƙus-ƙus. Su yi ta yi.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya hana hannuna rawa.